Albano da Kibiya Rawaya

"Na san birnin Porto kamar yunwar cikina!" in ji Albano, yana dukan teburin gidan kofi har cokula suka yi tsalle. "Ku ɗaure mini idanu, ku jefa ni kowane lungu, zan ɓullo bakin kogi ko tuntuɓe ban yi ba!"

Jama'a, Allah shaida ne, hanya ɗaya bawan Allahn nan ya sani a duniya: daga ƙofar gidansa zuwa wannan tebur. To ga Dona Ermelinda, bazawarar da yake mutuwar so, ta zo daga ƙauye wurin ƙanwarta, matar mai gidan kofin. Ta ce ya zaga da ita gari a ƙafa, in sun gama za ta ba shi amsar maganar aurensu.

Gogan naku ya sa sabon takalmi mai tsini, ya murɗe gashin baki. Suna isa harabar babbar majami'a ya ga lunguna sun watsu ta ko'ina, ya rasa wanda zai bi. Can sai ya hango kibiya rawaya a jikin bango. Ya ce a ransa, wannan ai don baƙi aka zana, Allah ya rufa asiri.

"Kin ga wannan, Dona? Ni na ba hukumar gari shawarar a zana su."

"Kai da kanka, Sinyor Albano?"

"Da wannan bakin."

Ta dubi kibiyar, ta dube shi, ta yi murmushi. "To mu je."

Suka bi kibiya. Kogi ya koma baya, gadar ƙarfen da ke kansa ta ɓace, suka iso wani garejin faci.

"Wannan tsohuwar fadar wani basarake ce," in ji Albano, Sarkin Lungu.

"Da tayoyi?"

"Jikokin ne suka lalace."

Wasu masu jakar goyo da sanduna suka wuce su suna cewa, "Allah ya kai mu lafiya!" Albano ya ɗaga musu hannu kamar gwamna. "Duk sun san ni."

Wata mai shanya ta leƙo ta taga. "Kai baba! Da wannan takalmin? Allah ya ji ƙan yatsunka!"

"Barkwanci take yi. Tare muka girma."

Rana ta take, gidaje suka ƙare, sai gonakin kabeji. Takalmi ya ci diddige, ya ci ɗan yatsa, ya koma neman ƙashi. Albano ya zube a bakin hanya, ya tuɓe, yana fifita ƙafafu da hularsa.

"Dona, kogin yana bayan waccan kwanar."

"Wane kogi kuma? Haba Sinyor, daina ɓoye alherinka. Wa bai san kibiyar masu ziyarar ibada ba? Tun rasuwar maigidana nake roƙon Ubangiji ya ba ni wanda zai raka ni Santiago a ƙafa. Ashe kai ne, har da zana mini hanya!"

"Santiago... ta ƙasar Sifen?"

"Da akwai wata? Mako biyu ne, in ba a yi lalaci ba. Amsarka tana can, a ƙofar majami'a."

Albano ya dubi ƙafafunsa, duk sun yi bororo. Ya dubi hanya, ba ta da ƙarshe.

"Dona, shi aure nufin Allah ne. Ni zan koma gida."

"Allah ya kiyaye hanya."

Ya miƙe, takalmi a hammata, ya juya gabas, ya juya yamma. Kibiyoyin nan duk gaba suke nunawa, babu ko ɗaya mai tausayin komawa. Muryarsa ta zama ta ɗan tsako.

"Dona... ta ina ake komawa Porto?"

Dona Ermelinda ta kwance ɗankwalinta a hankali, ta ninke shi, ta miƙa masa.

"Ungo, ɗaure idanunka. Ƙanwata ta ce a haka ka fi gane hanya."