Barmo Injiniya da Ƙarfen Dalma

Duk Malumfashi babu wanda bai san bakin Barmo Injiniya ba. Shi da kansa ya raɗa wa kansa Injiniyan. Ya ce ya taɓa gyara rediyo da tsinken tsire, yana murɗawa ta kamo tashar da ba a ma gama ginawa ba. Gaskiyar magana kuwa, gadi ya yi a ƙofar wani gidan rediyo, shekara biyu, aka sallame shi saboda barci.

Ana nan sai ƙungiyar masu sauraron rediyo ta unguwarsu ta tashi zaɓen shugaba. Barmo ya fito takara. Abokiyar karawarsa Malama Ladidi ce, mai gyaran waya a bakin kasuwa. Sai ƙungiya ta sayo rediyon nan da ake sayarwa a wargaje cikin kwali, mutum ya harhaɗa da kansa. Aka ce duk wanda ya haɗa ta ta yi magana, kujera tasa ce.

Barmo ya buga ƙirji. “Ni zan fara! Ran Asabar, bayan la'asar.”

Ashe da lissafinsa. Kwana tara ke nan unguwar babu wutar lantarki, ƙarfen narka dalma da ake haɗa rediyon da shi kuwa sai da wuta. Zai zo ya cika su da surutu, ya ɗora wa rashin wuta laifi, ya tashi da ƙuri'unsa.

Ran Asabar ajin makarantar da suke taro ya cika maƙil. Barmo ya shigo da babbar riga da tabarau. Ya zazzage kwali a tebur. Yarrr! Wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu ƙafafun waya suka watse kamar ƙwari. Bai san kansu ba, amma ya maze. Ya soka wayar ƙarfen a soket, ya daki tebur.

“Kash! Babu wuta! Da yanzu kuna jin Makka raɗau. To, bari in nuna muku yadda ake yi.”

Ya damƙi ƙarfen ta wajen tsininsa, kamar mai riƙe biro.

Ladidi ta ce, “Malam Barmo, nan ne fa yake zafi. Ga mariƙi can baya.”

“Mariƙi na 'yan koyo ne, Malama! Mu da muka yi aiki da Jamusawa, nan muke kamawa. Ko ya yi jawur, hannun injiniya ba ya jin wuta.”

“Allah ko?”

“Sai ma kin gani.”

Allah da ikonsa, a daidai lokacin aka kawo wuta. Rana ce, ajin kuma ba ƙwan lantarki ba fanka, babu wanda ya lura. Barmo yana ta zuba, sai ya ji ɗumi-ɗumi a yatsu. Ya ce a ransa ƙarfin riƙo ne. Can sai ɗumi ya fara cizo.

Wani ya leƙa taga ya ce, “Kai jama'a, an kawo wuta!”

Ladidi ta harɗe hannu. “Madalla. Bisimilla, Injiniya.”

Ido ya yi masa caa. In ya saki, kujera ta tafi. In ya riƙe, yatsu su tafi. Barmo ya zaɓi kujera. Gumi ya keto masa sharkaf. Ya ci gaba da bayani, murya na sirancewa kamar ta amarya.

“Wannan... shi ake kira... wato... na'am...”

Ƙafarsa ta hagu ta fara rawa ita kaɗai. Wani ya shinshina ya ce, “Wa yake babbakar kan akuya?”

Cuuu!

“Wayyo Inna! Wayyo na mutu! Ruwa! Ku kawo ruwa!”

Ya yi jifa da ƙarfe, ya tuma sama, ya tsallake benci biyu, ya tsunduma hannu cikin jarkar zoɓon da aka kawo wa mahalarta. Hannu kuma ya maƙale. Ya shiga zagaye aji da jarka yana kururuwa, zoɓo na ambaliya a babbar riga.

Ihun ne ya farkar da Baba Cindo, dattijon ƙungiya, wanda ya sha gyangyaɗi a bencin baya tun farkon taro. Ya kasa kunne, ya gyaɗa kai.

“Kai, Barmo ya iya aiki, ta kama tangaram! Amma don Allah ku murɗa gaba. Wannan tashar, wata mata ce take naƙuda.”