Falon da Kyamara Ta Gina

Duk Alkahira, daga Shubra har Helwan, da wuya a sami mutumin da sararin samaniya ya san fuskarsa kamar Ustaz Mamduh Zahran. Wasu suna shiga jirgi don su isa wani wuri. Shi yana shiga ne don jirgin ya sami daraja. Ya yi rayuwarsa a wani ofishi da ba wanda ya san aikin da ake yi a ciki, har shi, ya yi ritaya da takardar yabo. Sai Allah ya aurar da 'yarsa a Sidni, surukin kuma ya zama mai kunya, duk shekara sai ya aiko da tikiti.

Daga tafiyar farko Ustaz ya dawo Kyaftin. Ba wanda ya naɗa shi. Ya dai riƙa waiwayowa duk lokacin da aka ambaci kalmar, har mutane suka gaji suka bar masa. Matan benenmu na unguwar Nuzha kuwa Abul Gajimare suke ce masa, amma sai ya ba da baya.

Da yamma yakan sauko gidan shayi da hular da ya saya a filin jirgi, ya zauna inda kowa zai ji.

“Ku da ba ku taɓa wuce Iskandariyya ba, ina za ku gane? Akwai jirgi, akwai jirgi. Mai inji biyu daban, mai huɗu daban. Ni da jin kukansa zan gaya muku inda ya nufa.”

Unguwar kusa take da filin jirgi, saboda haka ba a daɗe ana jira. Sai ya ɗaga yatsa, ya lumshe ido, ya ce, “Wannan Jidda za shi.” Wani lokaci jirgin ya riga ya sauke tayoyi, sauka zai yi. Wannan kuma laifin jirgin ne.

Amma babbar baiwar da Ustaz ya kawo wa ƙasar Masar ita ce hoto. A wata tasha da suka yada zango ya sayo wa kyamararsa wani ido na musamman, mai faɗi, mai tumbi kamar gindin kofi. Idon nan ba ya barin komai a waje, kuma duk abin da ya shiga cikinsa sai ya miƙe. Kujerar Ustaz ta can baya, wadda ke maƙwabtaka da ƙofar bayi, ta fito kamar zauren wani basha mai sarauta. Fiffiken jirgi ya tashi daga nan ya ƙare a Indiya. Matarsa, Madam Inayat, ta taɓa tsayawa a gefen hoto sau ɗaya, ta fito da faɗin ƙofar masallaci. An daɗe ba a dafa mahshi, abincin da Ustaz ya fi so, a gidan ba.

“Idon mutum matalauci ne,” in ji Ustaz. “Abin da yake akwai kaɗai yake gani. Wannan kuwa yana ganin abin da ya kamata a ce akwai.”

To, suna da ɗa, Hazim, yaro mai shiru wanda ya gaji kunnuwan uwarsa da haƙurinta. Ya kamu da son Rihab, 'yar wasu Misirawa maƙwabtan yayarsa a Sidni, ita ma ta kamu. Saura gida. Namiji ya kawo gida, uwar yarinya ta zo ta zagaya shi da igiyar awo, ta taɓe baki, sannan ta cika shi da kaya: haka aka yi wa kowa. Abin da Hazim ya mallaka shi ne ɗakuna biyu a kan rufin bene, inda a da ake shanya, kafin nan kuma tantabaru ne. Ya share, ya yi fenti, ya sa tayil. Mutum biyu masu son juna za su iya zama a ciki, in ɗaya ya yarda ya riƙa tsayawa.

Uwar Rihab, Hajja Ihsan, tana can ƙarshen duniya, ba za ta zo ba sai biki. Ta ce a aiko mata da hoto.

“Abu Hazim,” in ji Madam Inayat, “ka haɗa mata da awo. Matar nan kaya za ta saya.”

“Awo na kafintoci ne, Umm Hazim. Ki bar masu fasaha su yi aikinsu.”

Ya hau rufin da kyamara. Ya shige bayan ƙofa, ya manne da kusurwa, ya durƙusa har gemunsa ya kusa taɓa ƙasa, ya rufe ido ɗaya, ya danna. Allah mai iko. Tayil ɗin nan suka miƙe kamar titin saukar jirgi. Tagar da in ka yi hamma sai ka buge ta, ta koma can nesa, sai ka yi guzuri kafin ka isa. Ya sa aka wanke hoton babba, ya ɗauke shi da kansa har Sidni a kan cinyarsa. Fasinjan da aka haɗa su kujera ya sha bayani daga tashi har sauka, bai da inda zai gudu.

Hazim, bawan Allah, ya gaya wa Rihab a waya cewa wurin ƙarami ne. Ta dubi hoton, ta ce wa uwarta, “Mama, kin ji tawali'u?” Hajja Ihsan ta cire tabarau, ta goge, ta mayar, ta ce ma sha Allah. Nan take ta kira ƙanwarta a Dumyat, garin kafintoci.

“Kada ki ba ni kunya a gaban mutanen nan. Falon zai ci kujeru zubi biyu, masu ruwan zinariya. Kabad ɗin tangaram kuwa, ki ce wa mutumin ya yi wanda bai taɓa yin irinsa ba.”

Ranar kawo kaya, motoci buɗaɗɗu suka shigo layin da ganga da guɗa. Duk barandar da ke titin ta cika da mata, kowace da idonta na awo. Kabad ɗin shi kaɗai ya ci mota guda, yana tsaye yana ƙyalli kamar ya zo neman kujerar majalisa. Ustaz yana bakin ƙofa da hularsa, yana ba direbobi hannu irin na masu jagorantar jirgi zuwa wurin tsayawa.

Hajja Ihsan, wadda ta iso don biki, ta hau matakala da gwiwoyinta masu ciwo, tana hutawa a kowane hawa, hoton a hannunta. Ta isa rufin. Aka buɗe mata. Ta shiga, ta yi taku biyu, bango ya tare ta.

“Wurin ajiye takalman ya yi kyau,” ta ce. “Ina falon?”

“Kina cikinsa, Hajja.”

Ta dubi hoton. Ta dubi bangon. Ta sake duban hoton.

“Matsalar inda kika tsaya ne,” in ji Ustaz cikin tausayawa. “Ki koma bayan ƙofa, ki durƙusa, ki rufe ido ɗaya.”

“Da waɗannan gwiwoyin? Ustaz, 'yata a durƙushe za ta yi zaman aure, a bayan ƙofa, da ido ɗaya?”

“Hajja, ni da kike gani na yi yini da kwana a kujerar da ba ta kai tagar nan ba. Na ci, na sha, na yi barci, na yi salla, na tsallake teku. Fili a zuciya yake.”

“To a zuciyarka za mu jera kujerun.” Ta leƙa ta kan katangar rufin, ta ɗaga murya har ganga ta yi shiru. “Kada a sauke ko cokali! A juya motoci!”

Duk wanda ya san layinmu ya san kayan amarya in suka fita ta inda suka shigo, a gaban barandun nan, auren ya mutu, kuma jikoki ma sai sun ji labari. Rihab tana kuka a cikin tasi. Hazim ya jingina da tankin ruwa, fuskarsa ta yi kalar fentin da ya shafa. Ustaz kuwa ya ɗaga kyamara, domin a cewarsa hasken ya yi kyau.

Madam Inayat ce ta karɓi hoton daga hannun Hajja Ihsan, a hankali, kamar mai karɓar jariri.

“Ki yi haƙuri, 'yar'uwa, kin sha hawa a banza. Nan ɗakin Kyaftin ne. Mutum ne mai son sama. Gidan yara yana hawa na biyu.”

Hawa na biyu gidansu ne, mai dogon rufi da falo biyu, kuma gadonta ne daga mahaifinta, takardu da sunanta. Ustaz ya buɗe baki. Ta dube shi da idon da ba a sayarwa a filin jirgi. Ya rufe.

Ganga ta dawo. Kabad ya shiga da ƙyar, aka yi guɗa har titin baya. Kafin la'asar an hau da gadon Ustaz, da hularsa, da akwatunan hotuna, waɗanda suka cinye ɗaki ɗaya cikin biyun. Madam Inayat da kanta ta buga ƙusa ta rataye masa hoton falon.

“In ka ji matsi, Abu Hazim, ka duba nan.”

Tikitin bana da sunan Madam Inayat ya zo. Ta ce za ta ɗan taya 'yarta reno, ba ta dai faɗi ranar dawowa ba. Ta aiko da hoto ɗaya daga jirgi, da wayarta ta ɗauka, ta fito daidai faɗin da Allah ya yi ta.

Ustaz bai fasa saukowa gidan shayi ba. Yana gaya wa jama'a cewa shi ya zaɓi komawa sama, don ƙasa ta yi masa kaɗan. Ana kai masa ful, dafaffen wake, a faranti, yana ci a kan cinya, gwiwa na taɓa bango, jirage na wucewa ta kansa, dukkansu Jidda za su.

In kun hau gaishe shi, don Allah ku tura ƙofar a hankali. Yana bayanta a durƙushe, ido ɗaya a rufe, yana shan iska a falonsa.