Yadda Za Ka Faɗi Jarrabawar Latin Ba Tare Da Kakarka Ta Gane Ba

Kai da gidanku suka zaɓa ka zama Fada a coci alhali ranka na wajen wata yarinya, samu wuri ka zauna. In ka ci jarrabawar nan, jirgin ruwa zai kwashe ka zuwa makarantar Fadoci, aure kuwa sai dai ka ɗaura wa wasu. Hanyata tabbatacciya ce. Ɗan kawuna Falaniko ya bi ta a nan tsibirin Savai'i, ina kallo.

1. Kada ka ce a'a

Ba a ce wa tsohuwa a'a. Ranar da Kaka Sosefina ta miƙa wa Falaniko littafin Latin, zama ya yi ƙasa, ya sunkuyar da kai, ya yi godiya. Daga baya ya je bayan bishiyar kwakwa ya yi kukansa. Kai ma yi haka.

2. San abokin gabarka

Latin harshe ne da ba wanda ya taɓa sayen kifi da shi. Kowane suna yana da wutsiya shida, in sun yi yawa a ƙara musu wasu shida. Aikatau na farko da za a koya maka kuwa shi ne “so”. Wannan mugunta ce, amma ka daure.

3. Kada ka dogara da shiru

Falaniko ya yi mako uku bai buɗe baki a aji ba. Dattijon malaminsa, Fada Lemoine, ya gaya wa Kaka cewa bai taɓa ganin tawali'u irin wannan ba. Telesia, wadda ake duk wahalar dominta, ta ce da shi a bakin rafi, “Sannu waliyyi. In ka tafi, ka riƙa sa mu a addu'a, ni da mijina.”

4. Shirya wa tabarma

Ranar jarrabawa Falaniko ya miƙa takarda fara fat, ya faɗi. Washegari Kaka ta kwashe dangi kaf, mu talatin da huɗu, muka zauna a ƙofar Fada, ta lulluɓa da tabarmar neman gafara kamar an kashe mutum. Rana ta take. Dole Fada ya fito ya yaye tabarmar, ya karɓi gasasshen alade da gwaza, ya ce a sake jarrabawa. Sau uku aka yi haka. Aladu suka fara ƙarewa a gidan.

5. Yi karatu tuƙuru

Takarda fara ana yafe ta, don ana cewa tsoro ne. Abin da kake bukata shi ne daƙiƙanci mai shaida. Sai dai Falaniko ya lura in ya yi cinke yakan dace, don haka ya haddace littafin duka, har cikin kwalekwale, domin ya san amsar da zai guje wa. Tambaya ɗari, bai ci ko ɗaya ba.

6. Bar sauran ga Fada

Fada ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, “Ɗana, jaki ma yakan dace da biyu. Wace ce?”

Falaniko ya faɗi sunan. Da yamma Fada ya je wurin Kaka da kansa, ya ce ilimi irin wannan bai kamata ya tsallaka teku ba, a bar yaron ya zama malamin coci, su kuwa malaman coci ana son su da mata. Kaka ta ce za ta yi tunani. An yi bikinsa da Telesia bayan Ista. Yanzu kowace safiya Falaniko na koya wa yara wutsiyoyi goma sha biyu, kuma zai yi ta yi har ya mutu.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka, babu hannuna. Ban san kakarka ba, ban san yawan aladunku ba. Kuma kada ka zo nemana da ƙorafi, don gurbin Falaniko a jirgi yana nan ba kowa, jiya kuwa Kaka ta kira ni ta miƙo mini littafin. Na zauna ƙasa na yi godiya.