Ramin Bakin Gada da Ƙafar Motata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Kula da Hanyoyi na gundumarmu, Allah ya ƙara wa kujerarka laushi.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa gare ka da ma'aikatanka, waɗanda muke yawan jin labarinsu, ni ne Saidmurod, mai gonar tuffa a ƙauyen da ke ƙarshen hanyar kan dutse. Ina da 'yan koke-koke, in ba zan sa shayinka ya huce ba.

Na farko. Motata gadon mahaifina ce, ta girmi aurena. Albarkacin hanyarku, sitiyarinta ya yi sako-sako, in na murza hagu sai ta yi nazari kafin ta amsa. Ga shi yanar ido ta rufe wa mahaifiyata gani, likita ya sa mata ranar aiki a birni, kuma duk unguwarmu babu wata mota. Na kai wa Usto Davlat bakanike. Ya jijjiga tayar gaba, ya saurara, ya ce, "Yaya, wannan ba gyara take jira ba, jana'iza take jira." Duk da haka muka cinye sanyin bana a ƙarƙashinta. Muka sauya bol-joyin da tayarod, ƙarafan da ke riƙe ƙafar gaba, muka ƙwaƙule robobin da suka zama gari, muka sa shokazoba sabo, muka cika ko'ina da giris. Matata Gulchehra tana kawo mana burodin tanda tana cewa, "In ta sake mutuwa, akurkin kajina ce." Ranar gwaji motar ta miƙe sak, har Usto ya share ƙwalla. Ranka ya daɗe, wannan wahala a wane ofishi ake kai ƙararta?

Na biyu, kuma shi ne babba. Ramukan hanyarku mun san su kamar 'ya'yanmu. Mun san na kaucewa ta dama, mun san wanda ake yi wa bisimilla. To, da aka ce wani babban baƙo zai ratsa, sai ma'aikatanka suka zo suka cike su da jar ƙasa, suka shafe sumul, suka ɗauki hoto. Baƙon bai zo ba, ruwan sama ne ya zo. Wa ya ba ku shawarar ɓoye mana abin da muka haddace?

Na uku. Ranar asibiti Inna na gaba tana sa wa motar albarka, ni kuwa ina tuƙi da yatsa biyu don alfahari. A bakin gada ƙasar ta lotsa. Sabon bol-joyin ya ce ƙaras, tayar dama ta kwanta, motar ta durƙusa kamar raƙumin da za a sauke wa kaya. Na zauna a gefen hanya. Da maƙwabcinmu Nazarali bai biyo da tarakta ba, da ranar likita ta wuce mu. A bisa buhunan dankali uwata ta shiga birni.

Alhamdu lillahi aikin idon ya yi kyau. Usto ya sake ɗaure ƙafar motar, yana zagina ina zaginsa, Gulchehra ta yi wa motar afuwa ta ƙarshe daga zama akurki. Da na je ɗauko Inna, tana ta murna tana nuna tsaunuka, har muka hau hanyarku. Sai ta leƙa ta taga, ta ce, "Kai, Said! Nan kake bi da ni duk shekarun nan? Tsaya in sauka, ƙafata ta fi."

Saboda haka roƙona ɗaya ne, kuma ba zai ci muku ko sisi ba. In ba za ku zuba kwalta ba, ku bar mana ramukanmu a buɗe, mu riƙa ganin juna.

Inna ta ce a gaishe ka da kyau. Yanzu tana gani tangaran, tana da sanda, kuma ta ce tana marmarin ganinka.

Naka mai biyayya, wanda ke rusunawa har ƙasa kamar motarsa,

Saidmurod Nazarov,
Mai gonar tuffa.