Rawar Da Ta Samo Wa Tata Velile Ƙari

"Likita? Ni likita zai gagara? Mutumin da ya shekara ashirin da biyu a ramin zinariya, dutse ya faɗo masa a baya, dutsen ne ya fashe!"

Bakin Tata Velile ke nan, mijin yayata Nobantu (Tata a yarenmu kamar a ce Baba ne). Yana wannan cika bakin yana kwance rub-da-ciki, yayata na sa masa safa.

Tsakanina da kai, dutsen lafiyarsa ƙalau, bayan ne ya ji jiki. Tun lokacin gwamnati ke ba shi kuɗin nakasa duk wata. To bana ciwon ya tsananta: wanka, wando, takalmi, komai sai Nobantu. Har ta daina suyar fanke a tashar motar garinmu Lusikisiki, tukunyar gidan ta fara ramewa. Akwai ƙarin kuɗin da ake ba wanda sai an kula da shi, in likita ya duba ya sa hannu. Abin da ake so kawai mutum ya je ya faɗi gaskiya. Amma Tata Velile, Sarkin Dabara, ya ce gaskiya aikin marasa wayo ce. Ya juyo gare ni.

"Lungisa, kai da aka kora daga makaranta, zo ka kwashi ilimi kyauta."

Ba korata aka yi ba. Da ƙafata na tafi, bayan maganar kwaɗon da aka samu a jakar malama.

Ya aro keken guragu na wata marigayiya, mai ja hagu kamar jakin da ya hango gida. Ya naɗe kansa da bandeji, alhali baya ke ciwo. Ya ce a gaban likita ba zai yi magana ba, nishi kawai. Amma dogayen takalmansa na roba, na aikin rami, ya rantse da su zai je, domin a cikinsu ya zama zakaran rawar mahaƙa, mai dukan takalmi da tafi har ƙasa ta amsa.

Ina tura shi Nobantu na biye, a ƙofar asibiti keken ya ja hagu, ya kai mu cikin tiren wata mai lemo. Mai nishi ya buɗe baki ya zage ta da yare uku. Nas ta ga bandeji, ta tura mu layin masu rauni. Aka yi ta warwara, aka yi ta warwara, sai ga sanƙo yana ƙyalli, ko ƙurji babu.

"Tata, ina ciwon?"

"Ya shige ciki," in ji shi.

Da kyar muka isa gaban likita, wata matashiya mai gilashi. Ta gaishe shi da ladabi, ya amsa da nishi kamar saniya mai naƙuda.

"Tata, kana iya wanka da kanka?"

Nishi ya tsaya cak. Ya dubi likita, ya dube ni ina murmushi.

"'Yata, ni za ki yi wa wannan tambayar? Ko doki zan iya yi wa wanka!"

"Wando fa?"

"A tsaye, da ƙafa ɗaya!"

"Baban Sive, ka ji tsoron Allah!" Nobantu ta ce. "Wa ya ɗaura maka bel yau da safe?"

"Maman Sive, maza na magana."

Likita ta fara rubutu. Na ga idon yayata ya kawo ruwa, na ga ƙari yana sulalewa. Nan gwanin gwanaye, wato ni, ya shigo fili.

"Likita, kin san wa ke gabanki? Zakaran rawar takalmi ne. Ko da yake Basotho, 'yan maƙwabciyar ƙasa da suka yi aikin rami tare, sun ce tafi kawai yake musu daga gefe."

"Waɗanne Basothon?" Ya dafa tebur ya miƙe. "Matsa, ɗan kwaɗo!"

Ya buga ƙafa ɗaya, tim! Ya sunkuya zai mari takalmi, sai muka ji ƙas! Shi ke nan. Ya tsaya a haka, kai a ƙasa, ɗuwawu na kallon rufi, hannu a sama kamar kazar da aka fige rabi. Bel ya ga ba da shi za a yi wannan ba, ya saki aiki. Mu uku da nas muka ɗora shi a gado a lanƙwashe, yana cewa, "Salon ne haka! Ku bari in ƙarasa!"

Bayan wata guda takarda ta zo: an amince da ƙari. Ranar Lahadi Nobantu ta dafa masara da wake har da nama, tsoffin abokan rami suka cika tsakar gida. Sarkin Dabara na kishingiɗe cikin matasai.

"Na faɗa muku! Dabara uku na jera wa likitar nan, ta rikice. Yarinyar har rawata ta tsaya kallo, baki buɗe!"

Nobantu ta ajiye ludayi.

"Baban Sive, in faɗa musu abin da ta ce mini a bakin ƙofa?"

"Faɗa mana, yabo ai ba a ɓoye shi!"

"Cewa ta yi babanta ma mahaƙi ne, a cikin rawar nan ta tashi. Da farko ta yarda lafiyarka ƙalau. Amma duk wanda ya yi abin da ta gani, ya kuma kira shi rawa, bai kamata a bar shi shi kaɗai ba ko na minti ɗaya."