Rasuwar Kwamfutar Mai Hoto Tana Tsakar Aika Hotunan Biki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mai hoto yana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar kwamfutarsa ta gida, wadda ta cika jiya da hantsi tana bakin aiki.

Marigayiya baiwar Allah ce mai riƙon amana. Tana zaune a ƙarƙashin tebur, ba ta barci. Ko daga wane gari maigidanta ya ƙwanƙwasa mata ta intanet, sai ta tambayi kalmar sirri, ta sake tambayar lambar da ta turo wayarsa, sannan ta buɗe. Hoto bai taɓa fita daga hannunta ba sai a kulle. Saboda tsabar yarda da ita, bai ajiye kwafi a ko'ina ba. Kaico!

Ciwon ajalinta gajere ne. Da zai yi tafiya zuwa garin su wata amarya da ya ɗauki hotunan bikinta, ya roƙi surukarsa kada a kashe kwamfutar ko da wasa. Wallahi ba ta kashe ba. Sai dai gurnanin nan na marigayiya, "huuuu", yana ta da jaririn gidan daga barci, sai surukar ta lulluɓe ta da bargo mai kauri, ta danne gefe da gefe da matashi.

A can kuwa mai hoto yana falon uban amarya, dangi sun kewaye shi, yayan amarya, wani soja marar fara'a, yana tsaye a bayansa. Ya shiga kwamfutar daga nesa, ya fara jawo hotunan, sandar allo mai nuna ci gaban aikin tana rarrafe. Zafi ya gama cin marigayiya a cikin bargo. Surukar ta ce ta ji "ƙit, ƙit", sannan shiru. Sandar ta tsaya cak. Mai hoto ya ce wa mutane matsalar sabis ce, a ba shi zuwa gobe.

Ta rasu ta bar allo, linzamin da ake danna ta da shi, da tsohuwar firinta mai fama da tari. Ta kuma bar hotunan da suka samu tsallakowa, waɗanda aka ɗauka tun kafin baƙi su iso: kujeru babu kowa, da wani mutum yana gwada lasifika. Amarya da ango suna cikinta har yanzu.

Gawa tana shagon mai gyara, wanda zai buɗe ƙirjinta gobe da safe ya ga ko ma'ajiyarta ta tsira. Sojan ya ce shi ma zai halarta, da motarsa ma zai kawo mai hoto, don kada ya ɓata a hanya. Za a yi jana'iza a bayan shagon da zarar an ji sakamako. Ana roƙon masu haƙa su faɗaɗa ramin, ta yiwu mutum biyu ne.