Ranar da Na Ƙaryata Goran Babana

Ko zan manta da komai a duniya, ban da wata Asabar a ɗakin taron makarantar sakandaren da nake koyarwa a Haɗejia. Amma bari in fara gaya muku irin mutumin da nake a lokacin, don kada ku ɓata tausayinku a kaina.

Ni ne masanin fim na garin, kuma ni na naɗa kaina. Tun da na dawo daga jami'a nake hura wa mutane hanci. In abokan aikina suna hirar fim ɗin Indiya a ɗakin malamai, sai in ja tsaki in ce su je su kalli tsofaffin fina-finan Japan marasa launi, inda mutum zai zauna minti biyar yana kallon ruwan sama bai ce uffan ba, amma ka ji zuciyarka ta karye. Ina son na Iran saboda ba a ihu a cikinsu. Ina son na Italiya na bayan Yaƙin Duniya na Biyu saboda talakawansu talakawa ne na gaske, ba masu hoda a fuska ba. Sababbin na Koriya kuwa ina yaba su, amma da sharaɗi (dole a sa sharaɗi, in ba haka ba wa zai san na yi karatu?). Kalmar da ba ta barin bakina ita ce "gaskiya". Fim kaza yana da gaskiya, fim kaza babu ita.

Ana nan sai wata tsohuwar ɗalibarmu, Hajara, ta shirya gajeren fim a kan masuntan fadamar Baturiya, ta kawo a nuna wa ɗalibai da mutanen gari. Shugaban makaranta ya ce ni zan yi sharhi in an gama. Na ce ai ko bai faɗa ba.

A nan zan faɗi abin da ba na son faɗa. Ni ɗan masunci ne. Ina shekara shida aka kawo ni cikin gari wurin gwaggona don boko, kuma tun daga nan ƙafata ba ta ƙara taɓa ruwan fadama ba. In na je gida, gaisuwar tsaitsaye ce, ido a kan agogo. A wurin aiki kuwa cewa nake babana "yana harkar kifi", yadda mai ji zai zaci motoci yake lodawa zuwa Kudu.

Aka fara fim. Can aka nuno wani mutum daga nesa, ya ba mu baya, da malfa a kansa. Ya kifa cikinsa a kan wani ƙaton gora yana yawo a kan ruwa, raga a hannu. In ya kama kifi sai ya ɗan ɗaga jikinsa, ya jefa shi cikin goran da yake kai, ya sake kwantawa. Ina ganin haka na yi murmushi, na ce a raina na samu abin cafkewa.

Na karɓi makirufo. Na fara da Japan, na biya ta Iran, na ɗan yada zango a Italiya, sannan na sauko gida.

"Matsalarmu ƙarya ce," na ce. "Ku dubi goran nan. Gora mai buɗaɗɗen baki a kan ruwa, da mutum a kai? Ko ɗan firamare ya san nutsewa zai yi. An samo wani ne kawai aka ɗora shi don a burge Turawa. Ko kwanciyar tasa ba ta masunci ba ce."

Ɗalibai suka fashe da dariya, ni kuma kaina ya ƙara girma. Hajara ta miƙe.

"Malam, ai mai goran yana nan. Ko za ka tambaye shi?"

Daga can ƙarshen ɗaki wani dattijo ya tashi, sanye da babbar rigarsa ta zuwa Juma'a. Babana ne. Ashe tun safe ya hau babur ya taho, ya roƙi Hajara kada ta gaya mini, wai so yake in gan shi a majigi in yi mamaki.

"Malam," in ji shi, a hankali, "bakin goran a sama yake. Cikina ne murfinsa. Tun kafin a haife ka nake rufe shi haka, bai taɓa nutsewa da ni ba. Amma ku kuka yi karatu."

Wallahi da dariya aka yi mini da ya fi sauƙi. Wata malama a kusa da ni ta ce ƙasa-ƙasa, "Au, mahaifinsa ne?" Na tsaya riƙe da makirufo kamar wanda aka ba ajiya, na rasa inda zan sa fuskata.

Baba ya juya ya fita, na bi shi waje na durƙusa. Ya ce, "Ba komai, Malam. Koma wurin baƙinka." Ya tattare rigarsa ya hau babur.

Bai taɓa tayar da maganar ba. Sai dai tun daga ranar bai ƙara kirana da sunan da yake kirana tun ina yaro ba. Malam ne, ko mu biyu ne a zaure, kuma duk lokacin da ya faɗa sai na ji ɗacinsa. Bara da ruwa ya cika fadama na roƙe shi ya tafi da ni su ko sau ɗaya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "A'a, Malam, kayanka za su jiƙe."

Darasin da na koya ba mai yawa ba ne, kuma ya zo a makare: kafin ka tashi koya wa mutane gaskiya, ka fara sanin gidanku. Har gobe ina iya gane ƙasar da aka yi fim daga yadda aka ɗauki inuwa, amma minti goma na yi ina kallon bayan mutumin da ya haife ni, ban gane shi ba.